Fura ta shiga tsakanina da surukata, an hana ni ganin jikokina

Assalamu alaikum, Malama. Ni dattijuwa ce a Aboabo, nan Kumasi. Ɗana na fari ya yi shekara 14 a Hamburg ta ƙasar Jamus, matarsa kuwa 'yar Zango ce kamar mu, a Tafo aka haife ta. A dogon hutun makaranta da ya wuce suka zo da 'ya'yansu biyu, namiji mai shekara 7 da mace mai shekara 3 wadda aka sa wa sunana, kuma wannan ne karon farko da na ɗora ido a kanta. Tun ranar da suka sauka surukata ta ce ruwan kwalba kaɗai yaran za su sha, ba za su ci abin kan titi ba, har fura ta hana. Abin ya sosa mini rai, domin da wannan abincin na reni mijinta, kuma jikokina na nan gida suna ci lafiya lau. Wata rana da suka tafi kasuwar Kejetia na aika aka sayo fura da nono da ƙanƙara, na ba takwarata ta sha sosai. Washegari da dare gudawa ta kama ta. Tsoro ya hana ni faɗin gaskiya, sai na sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa a shagon magani ina ba ta a ɓoye har kwana 3, kafin yayanta ya gaya wa uwarsu. Gudawar ta tsaya, suka koma. Bayan mako 5 yarinyar ta kamu da ciwon fitsari da zazzaɓi, maganin farko bai yi aiki ba, ta kwana 4 a asibiti, likitoci suka ce ƙwayar cuta ce mai bijire wa magani, wataƙila daga tafiya ta ɗauko ta. Ta warke, alhamdu lillahi. Amma surukata ta ce ba za ta sake kawo su ba sai sun girma, ɗana kuma yana gaishe ni a waya ba ya taɓa zancen. Maƙwabta suna cewa iyayi ne irin na 'yan boga, wato mutanenmu mazauna ƙasashen waje. Malama, gidana ƙazami ne? Ni na jawo wa jikata ciwo? Yaya zan yi in sake ganinsu?

Hajiya, Aboabo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ƙara wa takwararki lafiya, ya raya ta, ya kuma sanyaya miki zuciya. Kakar da ta jira shekara 3 kafin ta goya jikarta, ba abin mamaki ba ne ta so ganin yarinyar tana shan abin da ubanta ya sha yana ƙarami, kuma na san da wannan niyyar kika aika a sayo furar. Tambayarki ta farko amsarta gajera ce: gidanki ba ƙazami ba ne, kuma babu wani abu a wasiƙarki da ya nuna haka. Ta biyun ce take buƙatar mu zauna a kanta, domin akwai inda kike da gaskiya, akwai kuma inda zan gaya miki abin da ba zai yi daɗin ji ba, kuma na fi son ki ji shi daga bakina a kan ki ci gaba da juya shi ke kaɗai da dare.

Cikin kowane ɗan Adam cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Masana sun ƙiyasta cewa baligi yana ɗauke da kusan tiriliyan 38 daga cikinsu, mafi yawansu a babban hanji, kuma akasarinsu masu amfani ne. Su ne suke narkar da dusar hatsi da ganyen da cikinmu ba ya iyawa shi kaɗai, suna samar da wasu sinadarai da jiki yake buƙata, sannan suna cike wuri ta yadda muguwar ƙwaya ba ta samun masauki da sauƙi. Abincin mutum da ruwansa da ƙasar da yake takawa su ne suke zaɓar masa irin waɗanda za su zauna a cikinsa, kuma a wajajen shekara 3 ne na yaro suke fara daidaita su yi kama da na manya, wato daidai shekarun takwararki. A 2010 wasu masu bincike daga Italiya sun kwatanta yaran ƙauyen Boulpon da ke Burkina Faso, maƙwabciyarmu ta arewa, da yaran birnin Florence. Yaran Boulpon, masu cin gero da dawa da wake da ganye, an same su da yalwar wata ƙwaya mai suna Prevotella da ta ƙware wajen narkar da irin wannan abinci, kuma ire-iren ƙwayoyin cikinsu sun fi na yaran Turai yawa. Na kawo miki wannan ne don ki san cewa tuwonmu da kokonmu ba abin kunya ba ne a idon likitoci. Sai dai cikin da aka rena a Hamburg daban yake da wanda aka rena a Aboabo, ko da jini ɗaya ne.

Har ɗanki ma cikinsa ya sauya. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan mutanen da suka yi ƙaura daga Tailan zuwa jihar Minnesota ta Amurka ya nuna cewa cikin 'yan watanni da sauka suka fara rasa ƙwayoyin da suka zo da su, irin na mutanen can suka maye gurbinsu, kuma asarar ta fi yawa ga 'ya'yan da aka haifa a can. Wanda ya yi shekara 14 a Turai ya dawo da harshen Zango da zuciyar Zango, amma hanjinsa ya zama baƙo, ballantana 'yarsa da ba ta taɓa shan ruwanmu ba.

Kin ce jikokinki na gida suna ci lafiya lau, kuma haka ne, amma ki tuna da abin da suka biya kafin su kai nan. Ki ƙirga sau nawa kowannensu ya yi gudawa tsakanin yaye da shekara 5, wadda muke yawan ɗora wa fitowar haƙori alhali mafi yawanta ƙwayar cuta ce da ta shiga ta baki. Kowace irin wannan jinya tana koya wa garkuwar jiki gane maƙiyi, har a wayi gari yaro yana shan abin da zai kwantar da baƙo shi ko gezau. Ba kowane yaro ne yake tsallake wannan makaranta ba, Hajiya, domin har yau gudawa tana cikin manyan cututtukan da suke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya, shi ya sa Ghana ta shigar da rigakafin cutar rota, mai sa yara gudawa, cikin na jarirai a 2012, kuma ba mu manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar nan, akasari a yankin Accra. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana cewa tsakanin kashi 30 zuwa 70 cikin 100 na matafiya suna yin gudawa, gwargwadon inda suka je da lokacin da suka je, kuma zafi da damina suna taimaka wa ƙwayoyin su hayayyafa a abincin da ya daɗe a ajiye. Dokar da surukarki ta kafa ita ce wadda kowane likitan yara zai ba ta kafin ta hau jirgi. Geron fura dafaffe ne, ba shi da laifi. Inda ake samun matsala shi ne nonon da ba a tafasa ba, da hannun da ya dama, da ruwan da aka yi ƙanƙara da shi, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, adana ta yake yi.

Maganin da kika sayo ne ya fi damuna. Ki ɗauki hanjin yarinyar kamar gidan haya irin namu na Zango, kowane ɗaki da mai shi, baƙo in ya zo sai dai ya kwana a zaure ya wuce. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tambayar wane ne ɗan gida wane ne ɓarawo, duk wanda bai iya jure masa ba korarsa yake yi. Idan akwai wata baƙuwar ƙwaya a zaure wadda maganin ba ya yi mata komai, sai ta tarar da ɗakuna a buɗe ta baje kayanta. An auna wannan a kan matafiya 430 'yan ƙasar Finlan, aka wallafa a 2015: cikin waɗanda ba su yi gudawa ba kuma ba su sha maganin ba, kashi 11 cikin 100 ne suka dawo da ƙwaya mai bijire wa magani, waɗanda suka yi gudawa ba su sha ba, kashi 21, waɗanda suka yi gudawa kuma suka sha, kashi 37. Irin wannan ƙwaya, wadda galibi dangin E. coli ce, tana iya zama a hanji shiru ba tare da ciwo ba, sai ranar da ta sami hanya zuwa mafitsara, abin da ya fi sauƙi ga 'ya mace saboda kusancin wuraren biyu. Ranar ce ake ba da magani a ga bai yi aiki ba. Kuma mafi yawan gudawar matafiya tana tsayawa da kanta cikin 'yan kwanaki, abin da yaro yake buƙata shi ne a mayar masa da ruwan da ya rasa.

Duk da haka ba zan bari ki ɗauki kayan da ya fi naki ba. Wani babban bincike a Holan a kan matafiya 2,001, wanda ya fito a 2017, ya gano cewa kusan kashi 34 cikin 100 na waɗanda suka fita ba su da irin wannan ƙwaya sun dawo da ita, a cikin waɗanda suka je kudancin Asiya ma har kashi 75, kuma da yawansu ba su sha wani magani ba. A ƙasar Laos an riƙa gwada Turawa 20 kullum har mako 3, aka tarar babu ɗaya a cikinsu da bai ɗauke ta ba a wani lokaci na zamansa. Ma'ana, ko ba ki ba ta fura ba, yarinya mai shekara 3 da take wasa a tsakar gida tana kai hannu baki tana iya ɗauka, kuma babu gwajin da zai nuna cewa daga wannan kwano ne ta fito. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne furar ta ƙara haɗarin gudawa, maganin kuma ya ƙara haɗarin zaman muguwar ƙwaya. Wannan ne kasonki, ki karɓe shi, kada ki rage kada ki ƙara.

A ganina abin da ya fi yi wa surukarki ciwo shi ne ɓoyewar. Kwana 3 tana kallon 'yarta tana zawo ba ta san abin da ta sha ba, ba ta san ana ɗura mata magani a bayan idonta ba, kuma da abin ya yi tsanani an kai ga likita, da ta ba shi labarin da ba cikakke ba. Daga bakin yaro ɗan shekara 7 ta ji. Bayan haka ta yi dare 4 a gefen gadon asibiti a ƙasar da ba uwa ba 'yar'uwa, tana ganin maganin farko ya ƙi aiki. Matar da ta ga wannan, idan ta ce "sai sun girma", tsoro ne yake magana da bakinta, ba na jin raini ne. Tana da nata kuskuren, domin da ta zauna da ke tun ranar farko ta yi miki bayanin dalilin dokar, ko ta sa mijinta ya yi, da ba ki ji kamar an ƙyamaci tukunyarki ba. Amma kin san kunyar da ke tsakanin suruka da uwar miji a gidajenmu, sau da yawa ita take sa a faɗi doka a haɗiye dalili.

Shirun ɗanki kuwa kada ki ɗauke shi hukunci. Ɗan fari ne, tsakaninku akwai kunya tun asali, kuma duk kalmar da zai furta yana ganin za ta taɓa ko uwarsa ko uwar 'ya'yansa. Ya kamata ya yi magana, kuma da shi ya rubuto da na gaya masa haka, amma ke ce za ki iya sauke masa wannan nauyi. Maƙwabtan da suke cewa iyayi ne, ki gode musu ki rufe zancen da su, domin in kalma ɗaya ta tashi daga Aboabo ta isa Tafo, daga can zuwa Hamburg ba ta kwana.

Shawarata ita ce ki kira surukarki ita da kanta, ba ta wayar mijinta ba. Ki gaishe ta da jinya, ki ce mata kin karya dokarta a kan 'yarta, kin ba yarinyar magani ba da saninta ba, kin ɓoye, kuma kina neman ta yafe miki. Kada ki biyo bayan wannan da "amma", kada ki ambaci yadda kika reni mijinta, kada kuma ki tambayi yaushe za su zo. In kin tuna sunan maganin, ko kwalbar tana nan, ki sa a ɗauki hotonta a tura mata, domin likitan yarinyar zai amfana da sani. Na san babba ya nemi afuwar ƙarami abu ne mai nauyi a wurinmu, amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma suruka mai tarbiyyar Zango ba za ta bar uwar mijinta ta ƙarasa irin wannan magana ba tare da zuciyarta ta karye ba. Idan kina ganin muryarki ba za ta ɗauka ba, ki yi saƙon murya ta WhatsApp ta saurara a lokacin da ta natsu. Idan kuma ta ƙi ɗauka, ki shirya ki je Tafo wurin mahaifiyarta ko gwaggonta da goronki, ki faɗi laifinki da bakinki, ba ƙara kika kai ba.

Sai bayan makonni, in gaisuwa ta dawo daidai, za ki gabatar da abin da kika tanada don zuwansu na gaba, kuma ki bar ta ta gyara shi yadda take so. Ruwan sha da na wanke baki na yaran ya zama na kwalba mai hatimi, ko wanda ya tafasa sosai na aƙalla minti 1 aka zuba a mazubi mai murfi da ba a tsoma moɗa a ciki. Ƙanƙara a yi ta a gida da wannan ruwan. Fura ki dama ta da hannunki bayan kin wanke da sabulu, da madarar da aka tafasa ko yogot na kamfani da ba a buɗe ba, kin ga takwararki ta sha furar kakarta ke nan ba tare da fargaba ba. Tuwon zafi da miyar ayoyo, shinkafa da wake, koko da ƙosai, duk za su ci muddin daga wuta aka sauke aka zuba musu, a bar ɗanyen ganyen da ake ɗorawa a kai da duk abin da ya wuni a buɗe. Lemo da ayaba da gwanda a ɓare su a gida. Wannan ba abincin Turawa ba ne, girkinki ne, lokacin ci da ruwan kawai aka kula da su.

Ki kuma ajiye fakitin gishiri da sukari na asibiti a gida. In babu, a lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa 2 irin ta rabin lita, ana zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana haɗa wannan da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, sannan a ci gaba da ba yaro abinci. Idan aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko amai da ya hana shan ruwa, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya yi laushi, asibiti za a nufa nan take, Manhyia tana kusa da ku, Komfo Anokye ma ba ta da nisa, likita ne zai yanke ko ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta da kuma wanne. Duk zazzaɓin da ya kama yaron da aka haifa a Turai a ƙasar nan, a gwada shi na cizon sauro a ranar, domin ba shi da ko kaɗan daga juriyar da yaranmu suke da ita. Iyayen su ma suna da nasu aikin: ganin likitan matafiya mako 4 zuwa 6 kafin tashi, allurar cutar shawara da dokar shiga Ghana ta wajabta, ta taifot da ta ciwon hanta nau'in A, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro. Kuma ina roƙonki, Hajiya, wannan doka ta daina sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da likita ba ki shimfiɗa ta har kan jikokinki na gida, domin hanjinsu ma haka yake aiki, kuma ƙwayar da ta gagari maganin farko a Hamburg a unguwanninmu take yawo.

Akwai abin da zai kwantar miki da hankali, ita ma surukarki zai kwantar mata in ta tambayi likitanta. A binciken nan na Holan, rabin waɗanda suka ɗauko ƙwayar sun rabu da ita cikin kusan kwana 30 da komawa gida, kusan kashi 11 cikin 100 ne kawai suka kai shekara da ita. Hanji yana komawa ga abin da ya saba, saboda haka abin da ya faru ba dalili ba ne na raba yara da danginsu har su balaga. Amma idan ta ce a bari ƙaramar ta kai shekara 5 ko 6, ki amince da zuciya ɗaya, domin ƙananan yara ne rashin ruwa a jiki ya fi saurin kayarwa, kuma amincewarki ce za ta nuna mata cewa dokarta za ta tsaya a gidanki. Kafin nan uban yana iya zuwa da babban shi kaɗai, ko su zaɓi gajeren hutun Disamba lokacin rani maimakon na damina, ko su nema miki takardar ziyara ki je ki gan su a can. In mai tafiya ya samu, ki aika musu da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, banda kilishi da wagashi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da kayan madara a jakar matafiyi.

Agogon Jamus yana gaban namu da awa 1 a lokacin sanyinsu, awa 2 a lokacin zafi. Ki zaɓi wata ranar Juma'a bayan kin idar da sallar isha'i, lokacin da yaran suka yi barci a can kuma surukarki ta zauna, ki sa a nemo miki lambarta, ki fara da tambayar jikin takwararki.